Tuffa da dabino cikin cakulan: yadda wata uwa a Mishigan ta shawo kan matsalar kayan zaƙi na bikin kaka

## Asalin lamarin

A yammacin jihar Mishigan ta Amurka, arewa da birnin Grand Rapids, akwai jerin tuddai da gonakin tuffa suka lulluɓe, kuma daga can ne kaso mai yawa na tuffar jihar ke fitowa. Ana girbi daga ƙarshen Agusta har cikin Oktoba, daidai lokacin da ganyen itatuwa ke rikiɗewa zuwa ja da ruwan goro, sanyi kuma ya fara shigowa da yamma. A wannan tsakani ne makarantun firamare suke shirya bikin kaka. Wasu sukan haɗa shi da Halowin, bikin shigar ban tsoro na 31 ga Oktoba, wasu kuwa sukan raba su domin iyalan da addininsu bai amince da Halowin ba, Musulmi da wasu Kiristoci, su samu halarta ba tare da ƙyashi ba.

Matar da wannan nazari ya shafa tana da 'ya'ya biyu a ɗaya daga cikin makarantun yankin, tana aiki da rana, kuma ta saba gasa kek da biskit a gida, sai dai ba ta taɓa sarrafa cakulan a matsayin sutura ga wani abu ba. A ƙarshen Satumba na 2024 kwamitin iyaye ya ɗora mata teburin kayan zaƙi, da sharuɗɗa bayyanannu: guda 150 na 'ya'yan itace da aka tsoma cikin cakulan, da ado mai launin kaka, a ajiye su a zauren wasannin makaranta daga ƙarfe 5 zuwa 8 na yammacin Juma'ar ƙarshe ta Oktoba. Ba a yarda da gyaɗa ko danginta ba saboda yaran da jikinsu ba ya karɓarta. Zauren ba shi da firji. Wanda ake da shi yana ɗakin malamai, can ƙarshen baranda.

Kuɗin da aka ware ba su da yawa, shekarar kuma ba ta da sauƙi ga mai sayen cakulan. A watan Maris na 2024 farashin koko a kasuwar New York ya haura dala 10,000 kan kowane tan a karon farko, bayan cututtukan bishiya da rashin kyawun yanayi sun rage amfanin gona a Kodebuwa da Gana, ƙasashe biyun da ke noma fiye da rabin kokon duniya. Don haka kowane kwano da ya lalace a gwaji asara ce da za a ji a jiki.

## Makon farko na Oktoba: cakulan ya cure

Ta fara da abin da ta fi gani a hotuna, wato sitiroberi da yankakkiyar tuffa. Ta sayi ƙananan ɗigon cakulan da ake zubawa cikin biskit, ta ɗora kwano a kan tukunyar ruwa mai tafasa, ta wanke 'ya'yan itacen, ta tsane su sama-sama da tawul, ta shiga tsomawa. Guda takwas na farko sun fito da kauri amma sun karɓu. Daga nan cakulan ya fara nauyi a cokali, cikin minti biyu ya dunƙule ya zama curi mai tsakuwa-tsakuwa wanda ba ya zuba. Ta ƙara wuta, abin ya ƙara tauri.

Cakulan busasshen abu ne duk da yana zuba idan ya narke. Garin koko ne da sukari suke yawo a cikin kitse, babu ruwa a tsakaninsu. Idan 'yan ɗigon ruwa suka shiga, sai su jiƙa bayan ƙwayoyin sukarin, su manne da juna su kama garin koko, kitsen ya kasa riƙe su a warwatse. A wannan gwaji ruwan ya shigo ta hanya biyu: tururin tukunyar da ke tafasa yana hawowa ta gefen kwano, sannan kowane yanka na tuffa yana barin ɗan ruwansa a ciki. Tuffa kusan kashi 85 cikin 100 ruwa ce, sitiroberi kuma ya haura kashi 90.

A kwano na biyu, na farin cakulan, ta ɗiga launin abinci ruwan goro irin wanda take sa wa kek. Launin nan da ruwa aka haɗa shi, saboda haka ɗigo uku suka isa su curar da kwanon baki ɗaya. Curin farko ta ceto shi da madara mai kauri da ta ɗumama, ya koma miyar cakulan da iyalinta suka ci da kek, domin idan ruwan ya yi yawa har ya narkar da sukarin duka, cakulan yakan saki. Amma ba ya komawa abin da zai daskare a jikin tuffa.

Sitiroberin da suka tsira ta ajiye su zuwa safiya, sai ta tarar da jan ruwa ya taru a ƙarƙashin kowane ɗaya. Lokacin sitiroberi a Mishigan watan Yuni ne. Na Oktoba daga Kalifoniya ake kawo su, da tsada, cikinsu fari. Ta cire su daga tsarin a ranar.

## Mako na biyu: tuffa sukutum a kan tsinke

Ganin cewa yanka ne ke fitar da ruwa, sai ta yanke shawarar barin tuffar yadda take, ta soka mata tsinke, kamar yadda ake yin tuffar narkakken sukari da aka saba gani a bukukuwan kaka na Amurka. Ta gyara abin da ya shafi tururi: ruwan tukunya ya yi zafi kawai ba tare da tafasa ba, kwano da cokali a bushe ƙayau. Cakulan bai cure ba a wannan karon. Ta tsoma tuffa 12, ta bar shida a kan teburin kicin, ta sa shida a firji.

Matsala uku suka bayyana. Ta farko, tuffar kanti ana shafa mata wani siririn kaki bayan wanki domin ta yi ƙyalli ta kuma daɗe, wani lokaci daga ganyen wata giginyar Birazil ake samo shi, kuma cakulan bai kama wannan santsi da kyau ba. Ya zame ya taru a gindin kowace tuffa, da aka ciza kuma sai suturar ta ɓalle falle-falle. Ta biyu, waɗanda aka bari a waje sun ɗauki sa'o'i kafin su daskare, suna narkewa da zarar yatsa ya taɓa su, kuma kafin yammacin washegari sun yi furfura, da zane-zane masu launin toka. Ta uku, na cikin firji sun fito da kyau, amma bayan minti goma a ɗumin kicin sai raɓa ta sauka a kansu, da ta bushe ta bar tabo fari mai kaushi.

Furfurar ta kitse ce, tabon kuwa na sukari ne. Man koko yana iya daskarewa a siffofi shida, kamar yadda masu bincike Wille da Lutton suka jera su a 1966, kuma siffa ta biyar, wadda ke narkewa a wajen digiri 33 zuwa 34 na ma'aunin Salshiyas, ita ce ke ba cakulan ƙyalli da ƙarar karyewa. Da ita yake zuwa daga masana'anta. Idan aka narkar da shi gaba ɗaya aka bar shi ya huce yadda ya ga dama, sai ya daskare a siffofi masu rauni, waɗanda daga baya suke sauya tsari, kitsen ya taso sama ya yi toka-toka. Tabon firji kuwa ya samo asali ne daga danshin iska da ke taruwa a kan abu mai sanyi, ya narkar da sukarin da ke saman cakulan, ya ƙafe ya bar shi a fili. Duka biyun ba sa cutar da mai ci, amma ba wanda zai miƙa hannu ya ɗauka a teburin biki.

Akwai kuma abin da 'yarta mai shekara shida ta nuna mata ba tare da magana ba: yarinyar tana famfara, ta kasa cizon tuffar, ta lashe cakulan ta ajiye sauran. Tuffa guda kuma tana cinye cakulan da zai ishi yanka biyar ko shida.

## Tsakiyar wata: gargaɗin ma'aikaciyar jinya

A taron kwamiti na tsakiyar Oktoba ta bayyana shirinta na yin tuffar tsinke tun ranar Talata, ta jera su a ɗaki mai sanyi ba tare da firji ba domin kauce wa raɓa. Ma'aikaciyar jinyar makarantar ta ƙi amincewa, ta kuma kawo dalili. A ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015 an samu ɓarkewar cutar da ƙwayar listeriya ke haddasawa, wadda aka danganta da tuffar narkakken sukari ta kasuwa. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 35 a jihohi 12, an kwantar da 34 a asibiti, bakwai suka rasu. Cikin waɗanda suka kamu akwai masu juna biyu, akwai kuma yara uku 'yan shekara 5 zuwa 15 da ba su da wani ciwo a baya, waɗanda cutar ta zame musu sanƙarau.

Abin ya ɗaure wa masana kai da farko, domin tuffa tana da tsami, narkakken sukari kuma ba shi da isasshen ruwa, duka biyun bai kamata ƙwayar ta yaɗu a cikinsu ba. Binciken da Kathleen Glass da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Wiskonsin da ke Madison, wanda aka buga a Oktoban 2015, ya nuna cewa tsinken ne mabuɗi. Idan aka soka shi, ruwan tuffar yakan fito ya kwanta tsakanin ɓawo da sutura, a nan ƙwayar take samun wurin zama. A tuffar da aka soka wa tsinke aka bari a zafin ɗaki, yawan ƙwayar ya ninka kusan sau 1,000 cikin kwana uku, alhali firji ya jinkirta yaɗuwar sosai. Da narkakken sukari aka yi gwajin, amma ma'aikaciyar ta ce ramin tsinke da ruwan da ke fita daga cikinsa ba su san bambancin sutura ba, kuma ba za ta yi caca da yara 'yan firamare da iyaye mata masu ciki ba. Ta ƙara da ƙa'idar da hukumomin abinci na Amurka suke bi: 'ya'yan itacen da aka yanka su zauna a digiri 4 ko ƙasa da haka, kada su wuce awa biyu a waje.

Nan ne lamarin ya tsuke. Cakulan ba ya son firji, ɗanyen ɗan itacen da aka huda ko aka yanka kuma ba ya zama lafiya sai da firji, ga teburin zai tsaya awa uku.

## Mako na uku: gajeriyar hanya da iyakarta

Wata uwa a kwamitin ta ba ta shawarar amfani da suturar alewa da ake sayarwa da launuka daban-daban a shagunan kayan kek. Wannan ba ta da man koko. Da man alayyadi ko wani kitsen tsiro ake yin ta, shi ya sa dokar Amurka ba ta yarda a kira ta cakulan ba. Amfaninta shi ne tana daskarewa da ƙyalli ba tare da an bi wani tsarin zafi ba. Ta gwada ta a yanka 20. Ta daskare cikin minti goma, launin ruwan goro ya fito sarai, furfura ba ta bayyana ba.

Sai dai ɗanɗanonta zaƙi ne zalla, tana kuma barin maiƙo a ganɗa domin ba ta narkewa da sauri a baki kamar man koko. Abin da ya fi muhimmanci, ba ta hana tuffar zubar da ruwa ba. Bayan awa huɗu zuwa biyar ɗigon ruwa mai danƙo ya jeru a bakin suturar, domin sukarin da ke cikinta yana janyo ruwa daga jikin tuffar da aka yanka. Ta riƙe suturar alewar don aiki guda kawai, wato zanen ado mai launi, wanda ya raba ta da matsalar launin abinci.

A makon ne kuma ta sayi ma'aunin zafi na girki, ta bar ɗigon biskit, waɗanda aka rage musu kitse da gangan domin kada su baje a tanda, ta koma cakulan tsomawa, wanda ƙa'ida ta ce man kokonsa kada ya gaza kashi 31 cikin 100. Hanyar da ta bi ita ce mafi sauƙi ga mai aiki a gida. Ta narkar da kashi biyu cikin uku har zuwa digiri 45 zuwa 50, ta sauke, ta riƙa zuba ragowar kashi ɗayan da bai narke ba tana juyawa, har zafin ya sauko digiri 31 zuwa 32. Ragowar nan tana ɗauke da siffa ta biyar, ita ce ke zama iri da sauran kitsen zai bi tsarinsa. Gwajin shi ne a tsoma bakin wuƙa a ajiye: idan ya daskare da ƙyalli cikin minti uku zuwa biyar, aiki ya yi. A kicin, inda na'urar ɗumama gida da tanda suka kai zafin ɗaki digiri 24, gwajin ya ƙi. Da ta sauko da teburinta ɗakin ƙarƙashin ƙasa, mai digiri 18, ya yi tun karon farko.

## Makon biki: an raba aikin gida biyu

Tsarin ƙarshe ya raba kayan bisa ga ruwan da ke jikinsu. Kashi na farko, guda 90, busassun 'ya'yan itace ne: dabino da aka cire wa ƙwallo, irin wanda ake nomawa a kwarin Coachella na Kalifoniya, da busasshiyar tuffa mai siffar zobe daga kasuwar manoman yankin, da ɓawon lemun zaƙi da aka dafa cikin sukari. Waɗannan ba su da ruwan da za su zubar, ba sa buƙatar firji. Ta tsoma rabin kowane ɗaya cikin baƙin cakulan da aka daidaita wa zafi a daren Talata da Laraba, ta ja musu zane ruwan goro da ruwan ɗorawa, ta jera su cikin robobi masu murfi a ɗakin ƙasa. Ta so ta barbaɗa riɗi a kan dabinon, amma tun 1 ga Janairu 2023 dokar Amurka ta sa riɗi cikin manyan abincin da dole a yi gargaɗi a kansu, don haka ta bar shi, ta kuma rubuta kati mai nuna cewa cakulan ɗin yana da madara da waken suya.

Kashi na biyu, guda 60, ɗanyar tuffa ce da ta sayo kai tsaye daga gona, marar kaki, nau'in Honeycrisp da Granny Smith saboda ƙarfin jikinsu. Ba ta taɓa su ba sai azahar ta ranar Juma'a. Ta wanke, ta yanka, ta jiƙa yankan minti 10 cikin ruwan gishiri, rabin ƙaramin cokali ga kofi guda, domin rage saurin da suke yin duhu idan iska ta taɓa su, ta ɗauraye, ta shanya su a kan tawul mai tsabta tana dannawa har suka daina jiƙa shi. Babu tsinke, ɓangaren da ba a tsoma ba shi ne mariƙi. Ga waɗannan ba ta daidaita zafin cakulan ba, ta sassauta shi ne da babban cokali ɗaya na man girki marar ƙamshi ga kowane giram 200, domin suturar da za ta zauna cikin sanyi ta yi laushi kada ta tsage, kuma awa uku ko huɗu ba su isa furfura ta fito ba. Ta yi amfani da ƙaramin kwano tana sabunta shi, yadda ko ruwa ya shiga asarar ba za ta yi yawa ba.

Yankan sun shiga firji cikin robobi uku masu murfi, 20 a kowace, da takardar tsane ruwa a ƙasa, aka kai su makaranta cikin akwatin ƙanƙara zuwa firjin ɗakin malamai. Ana fito da roba ɗaya a lokaci guda, a bar ta a rufe kimanin minti 15 domin raɓar ta sauka a kan murfi, sannan a buɗe.

## Abin da ya faru a daren

Robar farko ta ƙare cikin rabin awa, ta biyu ma haka, ba wadda ta kusanci iyakar awa biyu. Ta uku an buɗe ta da gaggawa saboda layin yara, ta kuma yi gumi kamar yadda aka zata, amma an cinye ta kafin tabo ya fito. Zoben busasshiyar tuffa ya ƙare duka. Dabino yara sun yi ɗari-ɗari da shi, iyaye ne suka cinye shi. Ɓawon lemo kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ya koma gida, da ƙyallinsa, kuma yana nan yadda yake bayan mako guda. Cakulan da ya shiga aikin bikin kimanin kilo 2 ne; gwaje-gwajen farko sun ci kusan kilo ɗaya da rabi, wanda aka mayar da wani ɓangarensa cikin kek.

## Hukunci

Makonni biyun farko sun tafi ne a kan zaton cewa matsala ɗaya ce, kuma tana cikin cakulan. A gaskiya matsaloli biyu ne masu magani mabambanta. Ɗaya ta zafi ce, kuma ma'aunin zafi da ɗaki mai digiri 18 sun warware ta gaba ɗaya. Ɗayar ta ruwan da ke jikin ɗan itace ce, wadda babu nau'in cakulan ko suturar alewa da ke tsayar da ita. Iyakar abin da za a iya shi ne a gajarta lokacin da ke tsakanin tsomawa da ci, ko a zaɓi abin da ba shi da ruwa. A ganina matakin da ya ceci teburin shi ne raba kayan gida biyu, kuma ba ta kai gare shi ba sai da ma'aikaciyar jinya ta rufe ƙofar tuffar tsinke. Da ba a yi wannan taro ba, da an ajiye tuffa da aka huda kwana uku ba tare da firji ba aka ba yara, kuma wannan haɗari ya fi duk wata furfura da tabo nauyi nesa ba kusa ba.

Tsarin yana da rauninsa. Ya dogara ga mutum guda ya samu hutun rabin yini ranar biki, ga kuma wani ya riƙa zirga-zirga zuwa firji, abin da roba ta uku ta nuna yana iya kuɓucewa idan jama'a suka taru. Zaɓin ɓawon lemo ma kuskure ne ga bikin yara, da an ninka zoben tuffa a madadinsa.

Wanda zai gwada irin wannan a Kano ko Maraɗi zai tarar da matsalar zafi ta fi ta Mishigan tsanani, domin ɗakin da ya haura digiri 30 ya kusa kai inda siffa ta biyar ke narkewa, kuma cakulan ba zai daskare da kyau a cikinsa ba ko da an bi ma'auni daidai. Safiyar hunturu ce lokacin da ya fi dacewa, ga sanyi ga bushewar iska da ke rage raɓa, musamman a Jos inda sitiroberi ke nuna a wannan lokaci. A sauran watanni, dabino da suturar man alayyadi ne za su iya jure tebur, ɗanyen ɗan itace kuwa sai an tabbatar da firji mai wuta daga tsomawa har zuwa rabawa.